Tauye Mudu Ko Sake Mudu? Tsokaci A Kan Shari'ar 'Yan Kwana-Kwana Na Amurka

Gabatarwa

Babu kalmar da ta kai adalci daɗin faɗi a baki, kuma babu wadda ta kai ta wuyar aiwatarwa. Idan aka tambayi ɗan firamare ma'anar adalci, zai ce a ba kowa haƙƙinsa, kuma ya faɗi gaskiya. Sai dai wahalar tana wurin gane mene ne haƙƙin kowa, musamman ranar da mutum biyu suka gurfana gaban alƙali kowannensu riƙe da tasa gaskiyar, abin da suke jayayya a kansa kuwa ba ya rabuwa biyu.

Hukumomi sun ƙirƙiro jarrabawar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma ne domin a huta da sanayya da son kai da tambayar nan ta ɗan wane ne. Wato dai jarrabawa mudu ce, an kawo ta don a auna kowa da ita ba tare da duban fuska ba. To, yaya ke nan idan aka auna kowa da mudu ɗaya, sai sakamako ya fito ya nuna cewa wani jinsi na mutane kusan kaf an bar su a baya? A zubar da awon ne a sake mudu, ko kuwa a ce kowa ya rungumi rabonsa? Wannan tambaya ta taɓa kaiwa har Kotun Ƙolin Amurka, kuma muna ganin ya dace mu tsaya mu yi mata duban tsanaki, domin kuwa darasin da ke cikinta ya wuce na lauyoyi kaɗai.

Abin Da Ya Faru

A watannin Nuwamba da Disamba na 2003, hukumar birnin New Haven da ke jihar Connecticut ta shirya wa 'yan kwana-kwananta jarrabawar ƙarin girma zuwa muƙamin laftanan da na kyaftin. Mutum 118 ne suka zauna. An raba makin gida biyu, kashi 60 cikin 100 na rubutu, kashi 40 na amsa tambayoyi baki da baki. Dokar birnin kuma ta ce duk gurbin da za a cike, dole a zaɓi mutum daga cikin ukun da ke saman jerin sunaye.

A jarrabawar laftanan mutum 77 suka shiga: farar fata 43, baƙar fata 19, 'yan asalin Latin Amurka 15. Waɗanda suka ci su 34 ne: farar fata 25, baƙar fata 6, 'yan Latin 3. Guraben da ke akwai 8 ne, saboda haka mutum 10 na sama ne kawai za a duba, kuma dukkansu farar fata ne. A ta kyaftin kuwa mutum 41 suka shiga, 22 suka ci, guraben 7 ne, mutum 9 da za a duba kuma 7 farar fata ne, 2 'yan Latin. A taƙaice, babu baƙar fata ko ɗaya da zai sami ƙarin girma nan take, alhali a wancan lokacin kusan kashi 40 cikin 100 na mazauna birnin baƙar fata ne.

Nan fa gari ya ɗauki zafi. Wasu suka ce in aka yi aiki da sakamakon za su kai ƙara, wasu kuma suka ce in aka soke shi su ma kotu za su nufa. Hukumar kula da ma'aikata ta yi zama sau biyar tsakanin Janairu da Maris na 2004, daga ƙarshe ƙuri'a ta yi kunnen doki, biyu da biyu, sakamakon bai sami amincewa ba ke nan. Ba a ƙara wa kowa girma ba.

Daga cikin waɗanda abin ya shafa akwai Frank Ricci, farar fata, mai fama da larurar nan da ke sa haruffa su riƙa rikice wa mutum wajen karatu. Ya shaida wa hukumar cewa yakan yi awa 8 zuwa 13 kullum yana bita, kuma ya kashe fiye da dala 1,000 wajen sayen littattafai da biyan wanda zai karanta masa su a kaset ya riƙa saurara. Ya zo na shida a jerin laftanan. Shi da abokan aikinsa suka kai ƙarar birnin da magajin garinsa, John DeStefano, suna cewa an hana su abin da suka ci da guminsu saboda launin fatarsu.

Doka Mai Hannu Biyu

Kafin mu ce wane ne mai gaskiya, sai mun san dokar da kowane ɓangare ya rataya a kanta, domin abin mamakin shi ne doka ɗaya ce. A 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan Dokar Haƙƙin Ɗan Ƙasa, wadda babi na 7 nata ya haramta wa mai ɗaukar aiki nuna bambanci saboda jinsi, ko launi, ko addini, ko kasancewar mutum namiji ko mace, ko ƙasar asalinsa. Wannan shi ne hannu na farko, mu kira shi haramcin wariyar ganganci.

Hannu na biyu ya tsiro ne daga shari'ar Willie Griggs da kamfanin wutar lantarki na Duke a jihar Karolina ta Arewa. Shekara da shekaru kamfanin yana killace baƙar fata a sashen leburanci, inda albashi mafi tsoka bai kai mafi ƙanƙantar albashin sauran sassa ba. A ranar 2 ga Yuli, 1965, wato ranar da sabuwar dokar ta fara aiki, sai kamfanin ya shigo da jarrabawar gwajin basira, ga kuma sharaɗin takardar gama sakandare. Ƙidayar 1960 kuwa ta nuna cewa a jihar, kashi 34 cikin 100 na mazan farar fata ne suka gama sakandare, na baƙar fata kashi 12. Bugu da ƙari, Turawan da aka ɗauka tun da can ba tare da takardar ba suna ta aikinsu lafiya lau. A 1971 Kotun Ƙoli ta yanke, ba tare da saɓanin ko alƙali ɗaya ba, cewa sharaɗin da ke tankaɗe wani jinsi, kuma ba a nuna alaƙarsa da aikin ba, haramun ne ko da babu mugun nufi. Babban Joji Warren Burger har ya yi nuni da tatsuniyar nan ta dila da zalɓe, inda aka zuba wa mai dogon baki abinci a faranti, aka zuba wa mai gajeren baki a gora. Kowa an ba shi, amma ba kowa ya ci ba. Wannan hannu mu kira shi haramcin wariyar sakamako.

A 1978 hukumomin tarayya suka fitar da ma'aunin gane alamar irin wannan wariya: idan yawan masu cin jarrabawa daga wani jinsi bai kai kashi 80 cikin 100 na jinsin da ya fi ci ba, to akwai abin dubawa. A 1991 majalisa ta shigar da wannan hannu na biyu cikin doka a rubuce, ta kuma haramta ƙara wa mutum maki ko rage masa saboda jinsinsa. A jarrabawar laftanan ta New Haven, kimanin kashi 58 cikin 100 na farar fata suka ci, baƙar fata kuwa kimanin kashi 32, wato ƙasa da ma'aunin nan nesa ba kusa ba. Birnin ya shiga halin gaba kura baya siyaki: in ya riƙe sakamako hannu na biyu zai kama shi, in ya yar hannu na farko na jiransa.

Kotun farko a 2006 da kotun ɗaukaka ƙara a 2008 duk sun ba birnin gaskiya. Amma a ranar 29 ga Yuni, 2009, Kotun Ƙoli ta juya hukuncin da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Mai shari'a Anthony Kennedy, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce soke sakamako saboda launin waɗanda suka ci wariya ce, kuma tsoron ƙara kaɗai bai isa uzuri ba, sai hukuma tana da ƙwaƙƙwarar hujja cewa jarrabawar da gaske ta saɓa wa doka. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ta rubuta ra'ayin marasa rinjaye, inda ta ce masu ƙarar abin tausayi ne, amma babu wanda ya riga ya mallaki ƙarin girman, kuma ba a ɗauki nasu an ba wani ba.

Hujjar Wanda Ya Ci

Bari mu ajiye doka gefe mu dubi lamarin ta fuskar ɗa'a. Hujjar Ricci ta farko ita ce alkawari. Duk hukumar da ta ce ga littattafan da za a karanta, ga ranar zama, ga yadda za a raba maki, to ta ƙulla alkawari da duk wanda ya amsa kiran. Mutum ya hana idonsa barci, ya rage lokacin iyalinsa, ya kashe kuɗinsa, duk bisa dogaro da wannan magana. Mu da muke aikin koyarwa mun san abin da zai biyo baya ranar da malami ya soke jarrabawa don kawai sunayen da suka fito a sama ba su yi masa daɗi ba: daga ranar babu ɗalibin da zai sake yarda da allon sakamako, har wanda aka yi sokewar dominsa.

Hujja ta biyu ita ce, jarrabawa mutum ɗaya ɗaya take aunawa, kuma mutum ɗaya ɗaya ne ke ɗaukar zafin sokewa. Ricci bai mallaki bawa ba, bai kuma rubuta dokokin wariya na da ba. Ɗora masa biyan bashin da wasu suka ci ya saɓa wa abin da hankali da addini suka haɗu a kai, cewa laifin wani ba ya hawa kan wani. Akwai ma wata tambaya mai sauƙi da za ta fayyace lamarin: da a ce sakamakon ya fito akasin haka, baƙar fata suka cika saman jerin, birnin zai soke shi? Idan amsar a'a ce, to launi ne ya yanke hukuncin, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Na uku, ba a shirya jarrabawar da ka ba. An biya wani kamfani dala 100,000, ya yi hira da ma'aikata, ya bi su wurin aiki, birnin kuma ya ware wata uku na bita. Masu tantance jarrabawar baka su 30 an ɗauko su ne daga wajen jihar, kuma kowane kwamiti na mutum uku yana da farar fata ɗaya da mutum biyu waɗanda ba farar fata ba.

Hujjar Wanda Aka Bari A Baya

Sai dai wanda ya tsaya a nan ya ji rabin shari'a ne. Jarrabawa ba wahayi ba ce, mutane ne suka zauna suka tsara ta. Me ya sa rubutu ya ɗauki kashi 60? Amsar ita ce haka aka rubuta a yarjejeniyar birnin da ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan tun shekaru masu yawa, ba don wani bincike ya nuna cewa haka ake gane shugaba nagari ba. Maƙwabcin birnin, Bridgeport, ya fi ba jarrabawar baka nauyi, kuma ya sami baƙar fata da 'yan Latin da dama a muƙaman. Wasu biranen kuma sukan gwada mutum ne a aikace, a shirya masa yanayin gobara a ga yadda zai ba da umarni. Aikin laftanan a bakin wuta ya ƙunshi natsuwa da saurin yanke shawara da iya jan mutane, waɗannan kuwa takardar zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu ba ta cika ganinsu ba. Wani baƙar fata mai suna Michael Briscoe shi ya zo na ɗaya a jarrabawar baka ta laftanan, amma makin rubutu ya ja shi ƙasa har ya fita daga sahu, shi ma kuma daga baya ya kai tasa ƙarar. In gumin Ricci abin girmamawa ne, hazaƙar Briscoe fa?

Sa'an nan ga tarihi. A farkon shekarun 1970, baƙar fata da 'yan Latin su ne kashi 30 cikin 100 na mutanen New Haven, amma ba su kai kashi 4 cikin 100 na 'yan kwana-kwana 502 na birnin ba, kuma cikin hafsoshi 107 baƙar fata ɗaya ne tak. Sai da aka shiga kotu a 1973 kafin ƙofa ta fara buɗewa. Wannan tarihi bai mutu ba ranar jarrabawa. Wanda ubansa ko kawunsa tsohon ɗan kwana-kwana ne yana iya samun littattafai da jagora a gida, wanda kuwa shi ne na farko a danginsu sai ya saya, wasu littattafan ma an yi ta jiran isowarsu. Mudu ɗaya aka yi awo da shi, gaskiya ne, amma ba damina ɗaya ce ta sauka a gonakin ba.

Inda Muka Tsaya

A ganinmu, rikicin ya samo asali ne daga cakuɗa abubuwa biyu, wato cancanta da haƙƙi. Cancanta ita ce mutum ya fi kowa iya aikin. Haƙƙi kuwa shi ne abin da ƙa'idar da aka shimfiɗa ta ba mutum bayan ya cika sharuɗɗanta. Jarrabawa ƙoƙari ce ta sa haƙƙi ya faɗa hannun mai cancanta, wani lokaci ta dace, wani lokaci ta kuskure. Ginsburg tana da gaskiya cewa zuwa na shida bai tabbatar da cewa Ricci ya fi Briscoe iya jagorancin kashe gobara ba. Kennedy kuma yana da gaskiya cewa Ricci ya cika sharaɗin da aka gindaya masa. Kowannensu ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya.

Abin da zai raba gardamar shi ne lokaci. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk tambayoyin nan masu nauyi game da kashi 60 da kashi 40, da tsadar littattafai, da gwaji a aikace, lokacin yinsu shi ne kafin a raba takarda, sa'ad da babu wanda ya san wa zai ci. A lokacin nan ne mutum ke iya gyara mudu da zuciya ɗaya, domin bai san hatsin wa za a auna ba. Hukuncin kotun ma bai hana wannan ba, ya faɗa a fili cewa hukuma na iya nazarin yadda za ta tsara jarrabawa don kowa ya sami dama kafin a yi ta. Amma da zarar an gama awo, sunaye sun fito, to sake mudu ya zama tauye wa wani sananne abin da ya riga ya shiga buhunsa.

Mai karatu zai iya cewa, to ai ba a gane mudu ya lotsa sai an yi awo da shi, in an hana duban sakamako ta ina za a gano aibin? Wannan tambaya ce mai ƙarfi, kuma ba mu ce a rufe ido daga sakamako ba. Sakamako irin na New Haven hayaƙi ne, wanda ya ga hayaƙi kuwa wajibi ne ya je ya duba. Kuskuren shi ne ɗaukar hayaƙin a matsayin hukunci. Yarjejeniyar birnin da kamfanin da ya tsara jarrabawar ta tanadi rahoton da zai nuna ko tambayoyin sun dace da aikin, amma birnin bai nemi rahoton ba. Da ya bincika ya gano cewa jarrabawar ba ta auna abin da aikin ke buƙata, da sokewar ta zama adalci ga kowa, domin babu mai haƙƙi a kan awon da aka tabbatar na ƙarya ne. Da kuma ya gano cewa tana da inganci, sai ya cika alkawarinsa, ya koma ya gyara hanyar da ke kai mutane zauren jarrabawa: ya raba littattafai kyauta, ya buɗe ajin bita, ya sake zama da ƙungiyar ƙwadago a kan rabon maki kafin zagaye na gaba.

Akwai kuma wani mutum na uku da ba a cika ambata ba, shi ne wanda gidansa ke ci da wuta. Muƙamin gwamnati amana ce ta jama'a kafin ya zama ladan ma'aikaci. Mai gidan nan yana da haƙƙin a turo masa wanda ya fi iyawa, don haka duk mudun da ke zubar da gwani saboda bai iya haddar littafi ba ya cuce shi, haka nan duk sokewar da ta bar gurbi babu tabbataccen mai shi. Kusan shekara 6 aka yi ana wannan shari'a. Sai a ƙarshen 2009 aka ƙara wa 14 daga cikin masu ƙarar girma, a 2011 kuma birnin ya amince ya biya su kimanin dala miliyan 2, ban da kimanin miliyan 3 na lauyoyi. Abin takaici, bayanan shari'ar sun nuna cewa da an yi aiki da jerin tun farko, guraben da za su buɗe daga baya da sun kai ga aƙalla baƙar fata 3. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Kammalawa

Gardamar ba ta ƙare a Amurka ba. Tun a 2009 Mai shari'a Antonin Scalia ya yi hasashen cewa wata rana sai an yi karo tsakanin haramcin wariyar sakamako da tsarin mulkin ƙasar. A watan Afrilun 2025 Shugaba Donald Trump ya ba hukumomin tarayya umarnin su ja baya daga bin irin waɗannan ƙararraki, ko da yake umarnin shugaba ba ya goge abin da majalisa ta rubuta a 1991.

Mu ma a Nijeriya ba baƙin wannan tambaya ba ne, duk da cewa tamu ta jiha ce da ƙabila. Sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1979, wanda aka maimaita a na 1999, ya wajabta a raba muƙaman tarayya ta yadda wani yanki ba zai mamaye ba, aka kuma kafa Hukumar Raba Daidai a 1996, alhali sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa. Hannu biyu ke nan su ma. Hanyarmu daban ce da ta Amurka, amma sharaɗin da muka ambata ya hau kanmu: duk ƙa'idar da za a bi, a faɗe ta a fili kafin a zauna jarrabawa, a riƙe ta bayan an tashi, kuma kada rabon gurabe ya sa a manta da gyaran makarantun da ke haifar da tazarar.

Ga 'yan uwa marubuta kuwa, wannan shari'a tana tuna mana cewa ba kowane rikici ne ke da azzalumi da wanda aka zalunta ba. Sau da yawa littattafanmu kan fito da mugu baƙi ƙirin da nagari fari fat, alhali rayuwa ta fi cika da irin su Ricci da Briscoe, mutum biyu da suka yi ƙoƙari, kowanne kuma yana da dalilin jin an cuce shi. Wanda ya iya ba kowannensu bakin magana a rubutunsa, ba tare da ya tauye wa ɗaya mudu ba, ya yi wa masu karatunsa babban aiki. Allah ya sa mu fi ƙarfin son zuciyarmu, ya kuma ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.